Kafin ku kai yara bakin teku a wannan hutu

 

A makon jiya wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo daga Agege. Da na karanta sai na ga tambayar ba tata ba ce ita kaɗai, shi ya sa na jingine abin da na shirya kawo muku, na ce bari mu tattauna a kanta tukuna. Ta ce yaranta huɗu, kuma kusan shekara biyu ke nan ba su san ko'ina ba daga makarantar boko sai Islamiyya. Maigidanta ya yi musu alƙawari tun da azumi cewa in an yi hutun ƙarshen shekara zai kai su wani wurin shaƙatawa na bakin teku can hanyar Ibeju-Lekki, su kwana biyu. Sun haɗa kuɗi da iyalan ƙannensa biyu, za su ɗauki bas ɗaya, su kama gida ɗaya mai ɗaki uku. Ana cikin shiri sai ga labarin sabon nau'in korona. A gidan nata kuma akwai surukarta, mahaifiyar maigida, ta haura shekara 70, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma ba ta yi allurar riga-kafi ba, domin a cewarta ita ba ta fita ko'ina. Hajiyar ba za ta bi su ba, a gida za ta zauna. Tambayar dai ita ce: su je ko su fasa?

'Yar'uwa, ga amsata a taƙaice kafin in yi bayani. Bakin tekun kansa ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron yana cikin bas ɗin nan, yana cikin gidan da kuka kama, sannan yana ɗakin Hajiya ranar da kuka dawo.

Bari mu fara da halin da ake ciki a ƙarshen 2021. Ranar 24 ga Nuwamba 2021 Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta gano wani sabon nau'in cutar, bayan kwana biyu hukumar ta raɗa masa suna Omikron. Ranar 1 ga Disamba 2021 hukumar NCDC ta tabbatar da cewa ya shigo Nijeriya. Abin da ya riga ya bayyana game da shi shi ne saurin yaɗuwa, da kuma iya kama wanda ya taɓa yin cutar ya warke. Ku tuna kuma cewa tun daga ranar da aka samu mutum na farko a ƙasar nan, a ƙarshen Fabrairun 2020, Legas ce ke kan gaba a yawan masu kamuwa. Ku tuna ƙarshen 2020: aka yi bukukuwan Disamba, aka yi tafiye-tafiye, sai Janairu ya zo da cikar asibitoci, har buƙatar iskar oksijin a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Yaba ta ninka sau da dama. Gwamnan jihar kansa ya kamu a Disambar 2020. Ba ina kawo wannan don in tsorata kowa ba ne. Na san an gaji. Ni ma na gaji da takunkumi, kuma na san a kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago in ka ga mai takunkumi yanzu sai ka waiga ka sake kallonsa. Amma gajiyarmu ba ta canja yadda cutar ke tafiya daga mutum zuwa mutum ba, kuma wanda ya fahimci wannan tafiyar tata zai iya kai iyalinsa shaƙatawa ya dawo lafiya.

Korona a numfashi take tafiya. Mai ɗauke da ita in ya yi magana, ko dariya, ko tari, ko ma numfashi kawai, yana fitar da 'yan mitsi-mitsin ɗigon ruwa waɗanda ido ba ya gani. Manyan cikinsu suna faɗuwa kusa, ƙananan kuwa suna shawagi a iska. Misalin da na fi ba mutane shi ne turaren wuta. Uwargida, idan kika kunna kasko a ɗaki kika rufe ƙofa da taga, bayan awa guda wanda ya shigo zai ji ƙamshi, har tufafinsa su kama. Amma ɗauki kaskon nan ki kai shi tsakar gida ana iska, wanda ke taku biyar daga wurin da ƙyar zai san an kunna. Haka numfashin mai cutar yake. A bakin teku kuwa iska ba ta tsayawa, kullum tana kaɗowa daga ruwa, ga fili iya ganinka. Shi ya sa zama a kan rairayi da iyalinka, nesa kaɗan da sauran jama'a, yana cikin mafi ƙarancin haɗari a duk abin da za ka iya yi da yara a garin nan. Ya fi zuwa gidan kallon fim, ya fi yawo a manyan kantuna, ya fi zaman ɗakin biki nesa ba kusa ba. Ruwan tekun ma ba ya ɗauke da ita zuwa jikin mai wanka.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce ba a faɗowa bakin teku daga sama.

Bara wasu iyalai da na sani sun yi irin tafiyar da wannan baiwar Allah take shirin yi. Gida uku ne, mutum goma sha wani abu. A can bakin ruwa sun yi duk abin da ya kamata, har suna ba ni labari da alfahari cewa sun kama rumfa can gefe, ba su cuɗanya da kowa ba. Abin da ba su lissafa ba shi ne sun yi kusan awa huɗu a hanyar zuwa cikin bas mai na'urar sanyi, tagogi a rufe, ana ta hira da raha, sannan suka yi wasu awannin a dawowa. A cikinsu akwai wani saurayi da ya tashi da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, ya ce ai hunturu ne. Kafin mako ya zagayo mutum biyar sun kwanta. Duk sun tashi, alhamdu lillahi. Wadda ta sha wuya ita ce kakar yaran, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti da robar iska a hanci, kuma har yau in ta hau bene sai ta tsaya ta huta a tsakiya.

Duk wanda ya san hanyar Lekki zuwa Epe a ranakun hutu ya san ba tafiyar minti talatin ba ce. Daga Agege ko Idi-Araba, ka hau gadar Third Mainland, ka ratsa Lekki, ka maƙale a Ajah, kafin ka ga Eleko rana ta yi tsaka. Duk wannan lokacin iska ɗaya kuke shaƙa. Na'urar sanyin mota, musamman in an danna maɓallin da ke hana iskar waje shigowa, juya iskar ciki kawai take yi. Saboda haka in da hali kowane gida ya shiga motarsa. In babu hali sai bas ɗin, to a sauke gilasai, ko da kaɗan ne, gaba da baya, manya su sa takunkumi har a isa. Na san za a ce ƙura da hayaƙin motoci da masu fizgen waya a cunkoso. Gaskiya ne, amma tazarar yatsu uku a saman gilashi ta isa iska ta riƙa sauyawa, kuma hannun ɓarawo ba zai shiga ba. Sannan a tashi da sassafe, bayan sallar asuba, domin rage zaman hanya rage haɗari ne.

Sai gidan kwana, wanda a wurina ya fi bas ɗin ma damuwa. Gida uku a falo ɗaya, na'urar sanyi tana aiki dare da rana, ana cin abinci a faranti ɗaya, yara goma suna kwana ɗaki guda. In mutum ɗaya ya zo da ita, kwana biyu sun isa kowa ya samu rabonsa. Mutane suna kwantar da hankalinsu da cewa ai mai wurin ya ce ana fesa magani a ɗakuna, ana goge hannun ƙofa, ana auna zafin jiki a bakin shiga. Duk wannan ba laifi, amma kada ya ruɗe ku. Na'urar auna zafi ba ta gane wanda ke ɗauke da cutar bai fara zazzaɓi ba, kuma mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa. Fesa magani a bango kuwa ba ya tsaftace iskar da ɗan'uwanka ke fitarwa yanzu a gefenka. Tambayoyin da suka fi amfani ku yi wa mai wurin kafin ku biya kuɗi su ne: tagogin ɗakin suna buɗuwa? Akwai wurin cin abinci a waje? Ma'aikatansa sun yi riga-kafi? In wani ya kwanta rashin lafiya aka fasa zuwa, zai mayar da kuɗi ko ya ɗaga ranar? Wannan ta ƙarshe kada ku raina ta. Sau da yawa abin da ke sa a tafi da mara lafiya shi ne an riga an biya, ba a son asara.

A nan zan ɗan tsaya, domin lokacin da muke ciki yana da ruɗani. Hunturu ya shigo, ko a Legas ana tashi da hazo da bushewar maƙoshi, kowa yana mura. Alamomin da ake gani ga masu wannan nau'in kuwa sun yi kama da mura sak: ciwon maƙogwaro, yoyon hanci, ciwon kai, kasala, wani lokaci zazzaɓi. In zazzaɓin ya zo kuma sai mu ce na cizon sauro ne, a aika yaro kemis. Babu likitan da zai iya bambance su da ido, balle ke da ni. Don haka dokar mai sauƙi ce: duk wanda ya wayi gari da ɗaya daga cikin waɗannan a kwana biyu ko uku kafin tafiya, ya zauna a gida, ko ya yi gwaji. In yaro ne, to uwarsa ko ubansa ya zauna da shi, kuka ba ya kisa. A 2021 ana yin gwaji kyauta a cibiyoyin gwamnati ga mai alamomi, kuma lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232. Wannan ba tsoro ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham da tawagarsa, da labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can sai ya yi shawara da sahabbai ya juya Madina. Ba wanda ya fi shi imani a cikinmu.

Akwai kuma waɗanda ko lafiyarsu ƙalau ba zan so su shiga irin wannan tafiya ta haɗaka a wannan watan ba: tsofaffi, masu ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda, masu asma mai tsanani, da mai juna biyu, musamman in cikin ya tsufa kuma ba ta yi riga-kafi ba. In ran Baba ko Inna yana son ganin teku, a kai su su kaɗai wata ranar aiki da safe, a motar gida.

Idan kun isa, abin da ake buƙata bai da yawa. Ku zaɓi rana da lokaci. Elegushi ko Oniru a yammacin 26 ga Disamba ko ranar sabuwar shekara kasuwa ce, kafaɗa na gugar kafaɗa tun daga layin biyan kuɗin shiga, kiɗa na tashi, kowa sai ya ɗaga murya a fuskar ɗan'uwansa kafin a ji shi. A irin wannan cunkoson amfanin iskar teku ya ragu sosai. Amma ranar Talata ko Laraba da hantsi za ku samu wurin kamar naku. Ku shimfiɗa tabarma ko ku kama rumfar da gefenta ke buɗe, ba irin ɗakunan katako ko tantin da ake rufewa ruf ba, ku bar kamar taku uku ko huɗu tsakaninku da maƙwabta. A nan ba sai kun sa takunkumi ba, ku bar yara su sha iska. Inda za a sa shi shi ne layin shiga, banɗaki, wurin sayen abinci, da duk inda aka rufe. Yaron da bai wuce shekara biyar ba ba a sa masa takunkumi. Kada kowa ya shiga ruwa da shi, kuma wanda ya jiƙe ya tashi aiki, don haka a riƙo na canji a leda.

Ku zo da butarku da dardumarku da kofunanku. Sinadarin goge hannu yana da amfani, amma hannun da ya yi dumu-dumu da yashi da man suya sai ruwa da sabulu, saboda haka a sa jarka ɗaya a bayan mota. Ku lura kuma sinadarin nan yana kama wuta, kada a shafa a matsa kusa da mai gashin kifi hannu bai bushe ba. Samari kuma, don Allah a bar zagaya bakin shisha daga wannan zuwa wancan. Ko babu korona ba alheri ba ne.

Abinci ma a kula. Hankalinmu ya tafi kan korona har mun manta cewa a 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan. Ku dafo naku daga gida a kula, ko ku sayi wanda aka sauke daga wuta a gabanku. 'Ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye, da ƙanƙarar da ba ku san da wane ruwa aka yi ta ba, ku bar su.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai tayar mini da hankali, ko da yake ba shi aka tambaye ni ba. Ga yaro mai lafiya, tekun Legas ya fi korona haɗari a ranar nan. Yawancinmu ba mu tashi a bakin teku ba. Wanda ya iya iyo a cikinmu a kududdufi ko rafi ko dam ya koya, kuma wannan ruwan daban ne. Gaɓar Legas tana fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye, igiyarta tana da ƙarfi, ƙasan kuma yana zurfafa farat ɗaya. Tsofaffin mazauna garin sun san labarin Bar Beach tun kafin Eko Atlantic ya cinye wurin, kuma a 2012 ambaliyar teku ta yi awon gaba da mutane a Kuramo. Akwai wani abu da ruwan ke yi wanda ya kamata kowane uba ya sani. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya tattaru a wani ɗan siririn wuri ya koma da gudu kamar kwata. Abin mamaki, wurin nan shi ne ya fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a cikinsa, sai ka ga ya yi lumui, launinsa ya ɗan fi duhu. Nan uwa za ta ce wa yaro je ka can inda ruwan ya kwanta. Kada ki yi haka. Wanda ruwan nan ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa gaɓa kai tsaye, zai gaji ya nutse. Ya bi gefe, a layi ɗaya da gaɓar, har ya fita daga cikinsa, ko ya saki jiki ya ɗaga hannu. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa don ceto in bai ƙware ba, ya kira masu ceto, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Nutsewar yaro ba ta da ihu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru take faruwa, cikin minti ɗaya ko biyu. Don haka kada a ce ai muna da yawa, kowa na kallo. Inda kowa ke kallo babu mai kallo. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin, ya ajiye waya, bayan rabin awa wani ya karɓe shi. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannunki zai kai, ruwa kuma kada ya wuce masa gwiwa. In an kafa jar tuta, ba a shiga, ko da kuɗin shiga nawa aka biya. Sannan 'yan'uwana mata, doguwar riga da hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi, suna naɗe ƙafa, igiya ɗaya ta isa ta kayar da ke. Ki tsaya inda ruwa ke shafar idon sawu, ya isa hoto. Masu zuwa Tarkwa Bay kuwa, wanda sai a jirgin ruwa ake isa, kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta sosai, yaro a nema masa daidai jikinsa, kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kuma a dawo kafin magariba.

Akwai masu hali da ke shirin fita waje, Zanzibar ko Dubai ko Gambiya. Ku sani cewa a ƙarshen 2021 dokoki sun riƙa sauyawa a dare ɗaya. Ingila ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga daga 6 ga Disamba 2021, ta cire ranar 15, kuma mazauna can da abin ya rutsa da su a tsakani sai da suka biya kuɗin killacewar kwana goma a otal daga aljihunsu. Saudiyya ma a lokacin ta dakatar da jirage daga nan. A namu ɓangaren, dokar da ta fara aiki ranar 5 ga Disamba 2021 ta ce a lokacin mai shigowa Nijeriya sai ya yi gwajin PCR cikin awa 48 kafin ya taso, ya sake yi a kwana na biyu da isowa, wanda bai kammala riga-kafi ba kuma ya killace kansa kwana bakwai ya ƙara wani gwajin. Ma'ana, a lokacin in gwajin ɗaya daga cikin matafiya ya nuna cutar a can, ba za su hau jirgi ba, kuɗin otal da abinci na ƙarin kwanaki yana kansu, yara kuma makaranta za ta koma ba su. A lokacin, wanda bai tanadi wannan kuɗin ba bai gama shirin tafiya ba. Kuma kada a yaudare ku da cewa wuri kaza babu korona. An daɗe ana faɗar haka game da Zanzibar lokacin da gwamnatin Tanzaniya ta daina fitar da alƙaluma, sai ga shi a Fabrairun 2021 mataimakin shugaban tsibirin na farko, Maalim Seif Sharif Hamad, ya rasu bayan an sanar cewa ya kamu da ita.

Mu dawo ɗakin Hajiya. Hujjarta cewa ba ta fita ko'ina ita ce hujjar da na fi ji daga iyayenmu, kuma ita ce mafi rauni, domin ita ba ta fita amma jikokinta suna fita, kuma a cinyarta suke sauka. A Maris 2021 aka fara yin allurar nan a ƙasar nan, kyauta, har a cibiyoyin lafiya matakin farko. Ciwon suga da hawan jini ba sa hana yin ta, hasali ma su ne dalilin da ya sa ta fi kowa buƙata a gidan. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, musamman da wannan nau'in, amma tana rage yiwuwar kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai. Sai dai jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin ya gina kariya, kuma yawancin nau'o'in sai an yi sau biyu, don haka allurar da aka yi mata gobe ba za ta rufe tafiyar jibi ba. Duk da haka a kai ta, kuma maigida ne ya fi dacewa ya lallashe ta, ba suruka ba. Kun san halin. Waɗanda suka yi ta biyu wata shida da suka wuce kuma, ranar 10 ga Disamba 2021 aka fara ba su ta ƙari.

Bayan an dawo, kwana biyar zuwa bakwai na farko su ne abin lura. Yara su gaishe da kakarsu daga bakin ƙofa, ko a tsakar gida, kada su kwana ɗakinta, kada a ci abinci kwano ɗaya da ita. A bar tagarta a buɗe. Mai kai mata abinci da magani ya sa takunkumi. Na san a al'adarmu wannan yana da nauyi, tsohuwa za ta ce ana gudunta. A yi mata bayani tun kafin a tafi, a ce mako ɗaya ne. In wani ya fara mura a cikin kwanakin, ya keɓe, a yi gwaji. In kuma ita ce ta fara zazzaɓi, ko numfashinta ya yi sama-sama, ko sugarta ya hau ba dalili, ko ta riƙa rikicewa da yawan barci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe da sirace, a tafi asibiti a ranar.

Saboda haka 'yar'uwa ta Agege, da ni ce ke, zan roƙi maigida a ɗaga kwana biyun nan na gida uku zuwa hutun Ista, lokacin Hajiya ta kammala allurarta, an kuma ga inda wannan guguwar ta dosa. Amma ba zan bari alƙawarin yara ya faɗi ba. Ranar Talata mai zuwa ku tashi bayan asuba, ku shida a motarku, da kular shinkafa da jarkar ruwa da tabarma. In ƙannen maigida suna so, su zo a tasu motar ku haɗu a can, kowa da shimfiɗarsa. Yara su hau doki, su gina gidan yashi, su jiƙa ƙafa kina riƙe da hannun autan. Kafin la'asar, lokacin da jama'a ke fara cika wurin, ku kun kama hanyar gida.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan batun da na jingine, wato tarin hunturu ga jarirai da magungunan da bai kamata a ba su ba.